Nasiha ga Mai Cefane da Mai Girki: Kada Rana Ta Faɗi Ba a Ci Ɗanyen Abu Ba



Ina so mu ɗan zauna mu yi magana a kan abin da muke kaiwa baki, musamman ku da Allah Ya ɗora wa riƙon gida: maigida mai fitar da kuɗin cefane, da uwargida mai tsayawa a gindin murhu. Mu Hausawa mun iya abincin da ke riƙe ciki. Tuwo da fura da kunu da ɗanwake da dambu, kowannensu zai riƙe manomi tun hantsi har la'asar. Amma ƙoshi daban, lafiya daban. Akwai wani sinadari da jiki ke nema kullum, wanda likitoci ke kira bitamin C, kuma babu shi a busasshen gero ko dawa ko shinkafa. Babu shi a busasshen wake, babu shi a ƙwai, naman da ya dahu ma kusan babu. Mazauninsa 'ya'yan itatuwa ne da ganyaye da kayan lambu, kuma ya fi yawa alhali suna ɗanye.

Abin da ya sa na ce kullum, akuyar da ke ɗaure a turke da saniya da kare, duk Allah Ya hore wa jikinsu ya haɗa wannan sinadari da kansa. Ɗan Adam ba a ba shi wannan ba, sai ya ci. Kuma jikinmu ba ya ajiye shi da yawa, don a ruwa yake narkewa, abin da ya yi saura sai ya fita ta fitsari. Ba zai yiwu mutum ya sha mangwaro kwando guda a bazara ya ce ya yi guzurin shekara ba. Idan aka yanke wa mutum shi gaba ɗaya, tsakanin wata ɗaya zuwa uku alamu za su fara bayyana.

Aikinsa a jiki babba ne. Da shi jiki ke haɗa wani abu da ake kira kolajin, wanda ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini da guringuntsi, kamar yadda kwaɓaɓɓiyar ƙasa ke riƙe tubala a jikin katanga. In ya yi ƙaranci sai komai ya fara saki. Mutum ya riƙa jin kasala da ciwon gaɓoɓi, dasashi ya kumbura yana jini, haƙori ya fara girgiɗi, ɗan bugu kaɗan jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, miki ya ƙi warkewa. Wannan ita ce cutar da ake kira sikabi. Ban da haka, bitamin C yana taimakon garkuwar jiki, yana kuma taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ake yin jini da shi.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar wannan cuta a tarihi su ne matuƙan jiragen ruwan Turai, masu yin watanni a teku ba abin da suke ci sai busasshen biskit da naman gishiri. Vasco da Gama, wanda ya taso daga Fotugal a 1497 ya zagaya Afirka zuwa Indiya, ya rasa mutanensa da yawa ta sanadinta. A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya ware majinyata 12 a cikin jirgin Salisbury, ya raba su bibbiyu, kowane biyu da irin maganin da ake ba su. Wasu ruwan khal, wasu ruwan teku, biyu kuma lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya kowace rana. Cikin kwana shida ɗaya daga masu shan lemon ya miƙe ya koma bakin aiki. Duk da haka sai a 1795 rundunar ta wajabta ba matuƙa ruwan lemo. Ɗaya daga abubuwan da suka rikita lamarin shi ne, don a samu ya daɗe bai lalace ba, akan ɗora ruwan lemon a wuta har ya yi kauri, sai ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, masu gwadawa su ce ba ya aiki. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da ke faruwa a tukwanenmu har gobe. Shi kansa sinadarin sai a farkon shekarun 1930 aka tabbatar da ko mene ne. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, Albert Szent-Györgyi, ya fitar da shi da yawa daga jan tattasan garin Szeged, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1937.

Kada ku ɗauka labarin mutanen da ne kawai. A shekarun 1980 cutar ta ɓulla a sansanonin 'yan gudun hijira a Somaliya da Habasha da Sudan, inda abincin agajin ya kasance hatsi da wake da mai. Ciki ya cika, amma dasashi na jini. Duk inda mutane suka daɗe a kan busasshen abinci kaɗai, ƙofarta a buɗe take.

To nawa jiki ke buƙata? Ba shi da yawa. A ma'aunin da ake bi a Amurka, namiji baligi yana buƙatar miligiram 90 a rana, mace 75, mai juna biyu 85, mai shayarwa 120, mai shan taba kuma a ƙara masa 35 don hayaƙin yana cinye shi. Yanzu ku auna wannan da abin da ke cikin faifan mai talla. A kowane giram 100, gwaiba tana da sama da miligiram 200. Jan tattasai ɗanye yana da kusan 130, gwanda kusan 60, lemon zaƙi 50 da ɗoriya, abarba kusan 48, ɗanyen alayyahu kusan 43, mangwaro da kabeji kusan 36 kowanne, lemon tsami kusan 30, tumatir kusan 14. Ke nan gwaiba ɗaya matsakaiciya ta biya wa babban mutum buƙatar yininsa har da saura. Lemon zaƙi guda ya kusa biya wa mace tata.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Tuffa ɗin nan mai ƙyalli da ake shigo da ita daga waje, wadda ake kai wa majinyaci asibiti don a nuna an damu da shi, kusan miligiram 5 gare ta a giram 100. Inabi bai ma kai ta ba. Ayaba kusan 9, kankana kusan 8. Dukansu abinci ne masu kyau, kowanne da nasa amfanin, amma in don wannan sinadari ne, kuɗin tuffa guda zai sayi gwaibar da ta ninka ta sau da yawa. Haka kuma tsami a baki ba shaida ba ne. Tsamiyar da muke kunu da ita, duk tsaminta, abin da ke cikinta bai wuce miligiram 4 ba, don wani sinadarin ne daban ke ba ta tsami. Zoɓo ma, bayan an shanya shi an tafasa, abin da ya rage kaɗan ne, sai dai in an matsa lemo ko an markaɗa abarba a ciki bayan ya huce. Lemon kwalba kuwa yawancinsa ruwa ne da sukari da launi, kada ku lissafa shi cikin 'ya'yan itace.

Abin godiya shi ne, ƙasarmu ba ta da wani lokaci na shekara da Allah Ya bar mu hannu rabbana. Da damina ga alayyahu da zogale da rama da yakuwa da tafasa, wasu ma a bayan gida suke fitowa ba wanda ya shuka su. Daga ƙarshen damina zuwa kaka gwaiba ta cika kasuwa. Da ɗari motocin lemo daga Binuwai suna sauke kaya a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, mutanen Agadas kuma suna da lemon lambunan Timia a cikin duwatsun Ayar. A lokacin ne magarya ke nuna, kuma ɗanyar magarya ba ta gaza lemo ba. Da rani masu noman fadama da na Kadawa da Kura suna fito da tumatir da tattasai da attaruhu da salak da lansir, kabeji na gangarowa daga Jos, har abin ya yi arha a zuba a kwando ana neman mai saye. Da bazara ga mangwaro da yazawa da danya. Yazawa, wato tsokar nan mai ruwa da ƙwallon kashu ke rataye a ƙarƙashinta, ta ninka lemon zaƙi kusan sau huɗu, amma sau da yawa sai a cire ƙwallon a watsar da ita a gindin bishiya. A dai kula yara kada su ciji ɓawon ƙwallon, don mansa na ƙona leɓe. Gwanda kuwa kusan duk shekara ana samun ta.

Akwai kuma kuka, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Kowa ya san garin ganyenta na miya, amma ɗanta nake nufi. Ka ɗauki ƙwallon nan mai gashi-gashi ka buga shi a kan dutse, ya tsage, ka tarar da farin gari a manne da 'ya'ya cikin jan zare, busasshe tun a kan bishiya. Ka jefa ɗaya a baki ya narke da ɗan tsami. Wannan farin garin yakan haura miligiram 200 a giram 100, na wata bishiyar ma ya fi haka nesa, kuma ya fi sauran 'ya'yan itace jure ajiya in an rufe shi a wuri mai sanyi. Matan Fulani sun daɗe suna dama shi a nono. A Sudan ana jiƙa shi a sha, haka ma a Senegal. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta, ana zuba shi a ƙananan gwangwanaye da tsada. Mu kuma da yake a gonakinmu yake, mun bar wa yara da awaki. Cokali biyu a ruwan sanyi ko a fura ko a kunun da ya huce, ba ƙaramin alheri ba ne ga gida a tsakiyar rani.

Yanzu ke uwargida, maganar ta iso gare ki, don sau da yawa ana sayo sinadarin nan da kuɗi, a kashe shi a tukunya. Abu huɗu ne ba ya shiri da su: zafin wuta, yawan ruwa, iska, da kanwa. Idan aka yanka alayyahu tun da safe aka bar shi a faranti, sannan aka wanke shi bayan yankan, aka zuba shi a miya tun farkon girki, aka jefa kanwa don ya yi laushi ya riƙe korensa, aka bar shi yana tafarfasa har a tuƙa tuwo, gobe kuma a yi ɗumame, to abin da ya rage a ciki ɗan kaɗan ne. Gyaran ba wuya gare shi ba. Ki wanke ganye kafin ki yanka, ki yanka dab da za ki zuba, ki zuba shi a ƙarshe lokacin da miya ta riga ta haɗu, ki rufe tukunya na 'yan mintoci ki sauke yana da sauran korensa. Kanwa ki bar ta ga wake da abin da ba ya dahuwa sai da ita, kada ki saba jefa ta a kowace miyar ganye. Kauɗar tumatir da busasshen barkono da garin kuka da busasshiyar kuɓewa suna rufa asiri lokacin tsada, kuma suna da nasu amfanin, sai dai rana ta riga ta cinye yawancin bitamin C ɗinsu. Ranar da aka yi miyar busasshe, a nemo ɗanyen abu a ci a gefe.

Kakanninmu sun bar mana dabarar a cikin kwaɗo. Zogale ko rama dole a dafa a tsiyaye ruwan, kuma wani kaso na sinadarin yana bin ruwan nan. Amma dubi abin da ke biyo baya: a matse ganyen a zuba a kwano, a barbaɗa garin ƙuliƙuli, a yayyanka ɗanyen tumatir da albasa da jan tattasai a kai, a ɗan sa mai da gishiri, a raba lemon tsami biyu a matse, a cakuɗa da hannu. Abin da wuta ta ɗauke, ɗanyen kayan nan sun mayar da shi. Kwaɗon lansir ma ya fi, don shi ko wuta ba ya gani. Haka in za a ci shinkafa da wake da mai da yaji, ko ɗanwake, ko gurasa, ko tsire, a yanka kabeji da tumatir da tattasai a kai. Wannan ɗan yanke-yanken da wasu ke ɗauka ado ne, shi ne rabon jiki na ranar.

Wannan ya kawo mu ga maganar jini. Mata da yawa masu juna biyu sukan dawo daga awo da labarin jininsu ya yi ƙasa. Akwai sinadarin ƙarfe a wake da gero da ganye, amma irin wanda hanji ba ya tsotsa da sauƙi ne. Idan aka haɗa shi da bitamin C a ci guda, jiki yakan ɗebi fiye da yadda zai ɗiba in babu. Shayi kuma akasin haka yake yi, yana riƙe ƙarfen ya hana shi shiga. Saboda haka 'yata, in kin ci wake ko ƙosai ko alala, ki bi shi da lemo ko gwaiba, shayin ki jinkirta shi kamar awa guda. Ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ki a asibiti ki ci gaba da sha yadda aka ce, wannan taimako ne a kanta.

Jariri har wata shida nonon uwa ya ishe shi, muddin ita uwar tana samun nata. Daga nan, in an fara ba shi kunu, a riƙa murje masa nunanniyar gwanda ko mangwaro ko a matsa masa ɗan ruwan lemo a cokali mai tsabta. Kada a hana yara mangwaro da sunan yana kawo zazzaɓi. Sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro, kuma gidan sauro ne rigakafinsa. Abin da ke ɓata cikin yaro shi ne ɗanyen da bai nuna ba, ko wanda ya tsinta a ƙasa ya ci ba wanki. Tsofaffin da haƙora suka ƙare sukan koma kunu da koko kaɗai, su ma a tuna da su da gwanda mai laushi da ruwan ɗan kuka. Haka ɗan da aka kai makarantar kwana ko ta allo, wanda zai yi wata da watanni a kan garin kwaki da tuwo: in za ku kai masa ziyara, ku haɗa da lemo da ƙullin garin ɗan kuka. In kuma almajiri ya tsaya a ƙofarku lokacin mangwaro, ku ɗora masa guda a kan tuwon.

Ɗanyen abu yana da sharaɗi, shi ne tsabta. Salak da kabeji da tumatir sun biyo ta hannaye da yawa, wasu ma an yi musu ban-ruwa da ruwan da ba shi da kyau, kuma ta nan kwalara da taifot ke shiga gida. A wanke hannu da sabulu, a wanke kayan da ruwa mai tsabta fiye da sau ɗaya, abin da ake ɓarewa a ɓare. Yankakkiyar gwanda ko abarba da ta wuni a buɗe ƙuda na sauka a kanta, a haƙura da ita, gara a sayi guda a yanka a gida. Mai ciwon sukari ya ci ɗan itacen da tsokarsa daidai gwargwado, kada ya mayar da shi ruwa ya sha kofi-kofi. Mai gyambon ciki da tsami ke tayar masa, ga gwanda da kabeji da tattasai mara yaji.

Game da ƙwayoyin bitamin C da ake sayarwa a kemis, suna da ranarsu, musamman in likita ya rubuta. Amma kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba. Tun da masanin Amurka Linus Pauling ya fitar da littafinsa a kan bitamin C da mura a 1970, mutane suka ɗauka shan sa da yawa yana hana mura. Binciken da aka yi ta yi bayan haka ya nuna ga yawancin mutane ba ya hana kamuwa, illa dai mai samun sa kullum murarsa takan ɗan rage kwana. Wuce miligiram 2,000 a rana kuma yakan kawo gudawa da murɗar ciki, ga wasu ma ya taimaka wa tsakuwar ƙoda. Gwaiba tana zuwa da ɓawonta da tsokarta da wasu sinadarai masu gyara ciki waɗanda ƙwaya ba ta da su. Sannan jinin dasashi ba kullum ne rashin bitamin C ba, sau da yawa dattin haƙori ne. Wanda ya ga jini a asawaki ko buroshi kwana da kwanaki, ko miki ya ƙi warkewa, ya je a duba shi, kada ya tsaya shan lemo kawai.

Kai kuma maigida, uwargida ba za ta yanka abin da ba a kawo ba. Na san yadda rayuwa ta yi tsada, ba kuma cewa nake ka ƙara abin da ba ka da shi ba. Ka bi lokaci kawai, ka sayi abin da ya yi yawa a kasuwa a watan da kake ciki, don shi ne mafi arha kuma shi ne mafi sabo. Kuɗin lemon kwalba guda da za ka sha kai kaɗai a tasha, in ka ba mai gwaiba ko mai mangwaro a lokacinsu, yaran gida duka za su samu. In akwai ɗan fili a tsakar gida ko inda ruwan alwala ke gangarawa, ka dasa zogale da gwanda. Gwanda takan fara 'ya'ya cikin shekara guda, zogale kuma tun yana 'yan watanni ake tsinkar ganyensa. Ka ƙara da gwaiba ko lemon tsami don 'yan shekaru masu zuwa. Kukar da ka gada a gona da magarya da danya, kada ka sare su don gawayi, abincin jikokinka ne.

Iyakar roƙona ke nan: kowace rana, kowa a gidan, babba da yaro, ya samu ɗan itace guda ko ɗan kwanon ɗanyen kayan lambu da aka wanke da kyau, ganyen miya kuma a sauke shi da wuri. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin na cikin mafi arha da Allah Ya hore mana. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya yalwata mana abin cefane ta hanyar halal, Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya. Amin.